Lambobin Tagullar Inna

Ranar wata Laraba ce, a daminar da Inna ta rasu, Baffa Sale, wan mahaifina, ya kira ni maƙerarsa da ke bayan Kasuwar Jalingo. Ban kai shekara goma ba. Na je da tsintsiya, a zatona shara ce. Sai na tarar da ƙwaryar Inna a gabansa, an kwance zanen da take rufe ta da shi.

A ƙwaryar nan Inna take tara lambobin tagulla na Faransawa. Mahaifinta kuku ne na wani Bature a Garwa, shi ya bar mata na farko, sauran kuma ta riƙa musanyen su da daddawa a hannun fatake masu biyowa ta Lau. Akwai mai doki, akwai mai jirgin ruwa, akwai wata mai fuskar mace da ganye a ka. Duk Juma'a, bayan mun dawo daga ɗebo ruwa, muna zama gindin mangwaro, tana goge su da tsumma, ni ina jera su a tabarma. Mai fuskar macen nan dogon hanci gare ta irin na Inna, har maƙwabta kan ce, "Ga Hajara a ƙarfe." Inna ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto ba.

Baffa ya ce gumaka ne, ba za su sake kwana a gidanmu ba. Na durƙusa na ce, "Baffa, a bar mini ɗaya." Ya ɗauko mai fuskar, ya juya ta, ya yi dariya. "Wannan ce uwar taki? To, kama zugazugi, ki hura mata." Ni na hura wutar da hannuna, ina kuka, yana cewa in ƙara ƙarfi. Ina kallo hancin ya fara lotsawa. Da tagullar ta narke, ya zuba munduwa da ita ya sa wa 'yarsa Ladi, ita kuwa kafin kaka ta yar da ita wajen wanka a rafi, ko faɗa ba a yi mata ba.

Yau jikata ce ke rubuta mini wannan. Da Malam, maigidana, ya rasu bara, yara suka cika wayoyinsu da hotunansa, kullum sai na sa an nuna mini, in yi kukana in ƙoshi. Shi ina da inda zan gan shi. Inna kuwa, ko a mafarki, baya take juya mini.