Mutum-mutumin Trandafir Yana Wurina, Yaya Zambila

Ranar Talata, sha huɗu ga Oktoba, muna tsaka da kwance lilon dawaki a filin wasa na bayan garin Buzau, aka zo aka ce kin faɗi a bakin tanderunki na gasa yumɓu. Kafin mu iso rai ya yi halinsa. Akwai ɗanyen yumɓu a hannunki, Yaya Zambila.

Ni matar ƙaninki ce, amma tun da aka kawo ni cikin ayarin nan namu na masu yawon wasa gari-gari ba ki taɓa nuna mini bambanci ba. Ke kika koya mini dafa kabeji a kan murhu mota tana tafiya. Lokacin da 'yan gari suka jefe tantinmu, ke kika tsince duwatsun, kika niƙa su, kika zuba cikin yumɓu, kika ce ai kyauta suka kawo mana.

Duk wanda ya ci abinci a ayarin nan kin gina shi da yumɓu. Ga mai sayar da alewar auduga da gurguwar ƙafarsa, ga matan da ke wanki a bayan tirelolin da muke kwana a ciki. Mutanen birni sun jera aikinki a ɗaki mai gilashi, suna kallon fuskokin da ba sa gaisarwa a hanya. Kin yi dariya har da hawaye.

Abin da ya hana ni barci shi ne al'adarmu, kin kuma san ta. Kayan mamaci ba ya zama a cikin masu rai. A ƙone, a fasa, in ba haka ba mai shi ya dawo nema, kuma ba ya komawa shi kaɗai. Ranar Alhamis Kawu Stanku, shugaban ayari, ya tara mu mata, ya miƙo guduma.

Mun fasa farantai, mun fasa kofuna. Sai na kai kan mutum-mutumin ɗana Trandafir, yana bisa babur, kamar yadda yake zagaya jikin zagayayyen bangon katako kullum a wasansa, kansa a karkace, ƙasa can nesa. Kin gina shi har da tabon gira. Hannuna ya ƙi ɗaguwa.

"Fasa mana, Garofitsa," in ji Kawu. "Laka ce fa."

"Kawu, wuyan ɗana zan sara? Ranar Lahadi zai hau bango."

"In kika ajiye, za ta zo nema. Kin san wanda za ta tarar a kan babur ɗin."

In fasa, na karya shi da hannuna. In bari, na kira ki. Wallahi tsoronki nake ji, Yaya, ke da ban taɓa jin tsoronki ba kina raye.

Ban fasa ba. Na naɗe shi cikin ɗankwalina, yana ƙarƙashin matashin kaina, a tirela mai shuɗin ƙofa, ta ƙarshe a layi. Na faɗa miki wurin ne don kada ki yi ta yawo kina nema.

Allah ya jiƙan ki, ya sanyaya makwancinki, ya sa ki manta hanya. Ya ba mijinki Fanika da 'ya'yanki da duk ayari haƙurin rashi. Amma in har dole sai kin zo, ni na ɗauki kayanki, yaron bai san komai ba. Ki wuce bangon katako kada ki ɗaga kai. Ƙofata a buɗe take.