Na Yi Sallama, Na Zauna Jiran Amsa

A lokacin ina koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta a Ƙofar Kaura, ban daɗe da fara koyon rubuta manhaja ba, ga ni da rawar kai. Ni na matsa wa hedimasta ya bar ni in haɗa manhajar da za ta riƙa fitar da sakamakon jarrabawa, har na ce wa malamai su ajiye bironsu su huta. Ya yarda, da sharaɗin in abin ya ƙi, kwamfutar makaranta ta bar hannuna.

Ana gab da raba sakamako manhajar ta tsaya cak, sai jan rubutun kuskure take watso mini. Na garzaya wani zauren masu wannan sana'a a intanet. To, mu a gidanmu ba a faɗin buƙata sai an amsa sallama an gaisa. Don haka na yi sallama, na gaida kowa da aiki, na tambaya ko akwai mai taimako, na naɗe hannu ina jira. Sai washegari wani ya ce in faɗi matsalar. Na ce masa manhajata ce ba ta aiki. Ya nemi ganin abin da ta rubuto, na ɗauki hoton fuskar kwamfutar da waya, dishi-dishi, na tura. Bai sake kula ni ba. Raina ya ɓaci, na rubuta musu cewa girman kai ya yi musu yawa.

Wata baiwar Allah ce a zauren ta biyo ni ta gefe da saƙo. Ta ce mutanen nan leƙowa suke yi a tsakiyar aikinsu, babu mai zaman jiran gaisuwa. Ta ce in haɗa sallama da tambaya a saƙo ɗaya, in kwafo jan rubutun yadda yake, in faɗi abin da nake so, da abin da ya faru, da abin da na gwada. Na ba su haƙuri, na yi yadda ta ce. Kafin in idar da la'asar amsa ta zo. Ashe gurbin makin wani yaro da bai zauna jarrabawa ba ne na bari fayau, shi ya rikita lissafin. Sai dai an makara. Malamai sun riga sun cike katunan sakamako da hannu suna yi mini dariya, an kuma maida kwamfutar ofishin hedimasta. Na ji kunya ƙwarai.

Na gane cewa a irin wannan zaure, ladabi shi ne ka sauƙaƙa wa mai taimakonka, kada ka bar shi yana lalube. 'Yan'uwa masu koyo, ku yi sallamarku, amma ku ɗora tambaya cikakkiya a kanta nan take. Ni dai na gyara manhajata a kwamfutar aro, na koma gaban hedimasta na roƙi ya sake ba ni dama zango mai zuwa. Ya ce zai duba. Kullum da safe sai na leƙa ofishinsa, kuma ba zan daina ba sai ya miƙo mini kwamfutar.