Ƙwayar Fitsarin da Ta Sandarar da Yaya

Yayana ya daɗe da taɓin hankali, amma yana shan maganinsa, yana dillancin awaki a kasuwar Dakoro, yana ciyar da iyalinsa. Baƙo ba zai taɓa ganewa ba.

Wata damina fitsari ya matsa mishi, har ya fara jin kunyar tsayawa sahu a masallaci. Ni na raka shi wani ɗakin magani na kuɗi. Mai duba marasa lafiyar ko ɗaga kai bai yi ba. Na ce, "Malam, yana shan maganin ƙwaƙwalwa fa." Ya ce, "Wannan na mafitsara ne, ina ruwanshi da kai?" Ya miƙo ƙwayoyi, ya kira na gaba.

Fitsarin ya yi sauƙi. Ba a jima ba Yaya ya daina magana. Sai ya wuni zaune bisa tabarma, ido buɗe, ƙuda na sauka a fuskarsa bai kora. In ka ɗaga hannunsa, nan zai tsaya a sama har ka sauke mishi. Fura sai matarsa ta ɗura mishi da cokali, rabi ya zube a riga.

Dangi suka cika gida. Kawunmu ya zo daga Birnin Lalle, ya dube shi sau guda, ya yanke hukunci: sammu ne, kuma daga cikin gida. Kowa ya juya ya kalli matar Yaya, wadda ita kaɗai ke wanke shi. Aka hana ta ba shi abinci. Har yau in na tuna ta tsugune bakin murhu tana kuka ba sauti, raina ɓaci yake.

Na ce Maradi za mu. Kawu ya ce, "Ke yarinya ce, wannan ba ciwon asibiti ba ne." Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, na riga na yi magana da mai mota." Muka ɗauki Yaya kamar icce muka sa a ciki.

A asibitin Maradi, lokotoron, wato likitar masu taɓin hankali, ta tambayi duk abin da yake sha. Matarsa ta kwance bakin zane ta zube ƙwayoyin. Lokotoron ta ware na fitsarin gefe, ta ce masu bincike sun lura irin wannan magani kan iya sandarar da mai irin ciwon Yaya, ko da yake ba kowa ba. Ta dakatar da maganin, ta yi wa Yaya allura, ta kwantar da shi.

Sannu a hankali jikinsa ya saki. Abin da ya fara faɗi, cikin dasasshiyar murya, shi ne, "Ina jin duk abin da kuke cewa a kan matata."

Ya koma kasuwa bayan kaka. Matarsa ba ta sake zama inda dangi suka taru ba, kuma babu ko ɗayansu da ya taka ya ba ta haƙuri. Kawu ma cewa yake rubutun shan da ya aiko asibiti ne ya yi aiki.