Mai Duba Diddige

Matar sajan tana zaune a gefen gadon mijinta a asibitin sojoji, kwana uku ke nan da yi masa aiki a ƙugu. Har yanzu ba ta san sunan nas ɗin da ke kula da ɗakin ba. Doguwa ce, ta manyanta, takalmanta sun cinye ta gefe ɗaya, tana tafe tana dafe da kwankwaso kamar ita aka yi wa aikin.

Duk bayan awa biyu sai ta bi gadajen ɗaya bayan ɗaya. Likitoci ɗinki suke dubawa. Ita kuwa diddige take ɗagawa, ta leƙa gadon baya, ta shafa zanin gado ko ya tattare.

"Sista, don Allah ki ƙyale shi, yanzu barci ya ɗauke shi," in ji matar.

"'Yar'uwa, barci ba ya hana fata ruɓewa. Kama min kafaɗarsa."

Suna juya shi yana tsaki. Nas ta danna wani jan tabo a diddigensa da yatsa, ta ɗaga. Wurin ya yi fari, sannan jini ya dawo. Sai a lokacin ta sauke numfashi, ta cusa matashi a ƙarƙashin ƙwaurinsa.

Matar tana ayyanawa a ranta, ƙila baiwar Allahn nan ta taɓa ganin sojan da ya tsira daga harsashi, gyambon kwanciya ya ƙarasa shi.

Nas ta rubuta lokaci a bayan hannunta da biro, ta ja ƙafa zuwa gado na gaba. Tun safe take tsaye. Nata diddigen, ba wanda ya duba.