Shafin da Rukayya Ba Ta Taɓa Ji Ba

Har in ajiye alli ba zan manta da ranar da malamarmu ta jami'a ta zo ajina a Tafo ba. Ku sababbin malamai ku saurara, don ni ce na ji kunyar, ba sai kun ji irinta ba.

Shekarata goma sha ɗaya ke nan ina koyarwa a lokacin, ina riƙe da aji biyar na firamare, kuma na shiga digiri na biyu a fannin koyar da karatu da rubutu. Irin na hutu ne: idan an rufe makarantu ka tafi jami'a, idan an buɗe ka dawo ajinka ka gwada abin da aka koya maka. A darasin yara masu baiwa ta musamman, an ce kowa ya zaɓi yaro guda a ajinsa, ya bi shi zango ɗaya yana rubuta abin da ya gani, sannan malama ta zo ta duba da idonta.

Ko tsayawa tunani ban yi ba, na zaɓi Rukayya, 'yar mai sayar da koko a tashar mota. Yarinyar nan idan ta miƙe da littafin Turanci, ba gargada, ba in'ina. Duk baƙon da ya zo makaranta ita muke tayarwa. Hedimasta ma ya riga ya sa sunanta a gasar karatu ta makarantun yankinmu, saura sati biyu. Na cika shafi talatin da yabonta, ina ta hura hanci.

Ranar wata Talata malamar ta iso, Dokta Serwaa, 'yar Asante, mace marar yawan magana. Ta zauna a bencin baya. Na tayar da Rukayya, ta kwararo shafi guda, yara suka tafa. Na juya ina jiran yabo, sai na ga Dokta ba littafin take kallo ba, idon yarinyar take kallo.

Da aka fita tara ta ce mu koma ofis mu uku. Ta ciro takarda daga jakarta, ɗan labari ne na 'yan aji biyu, ta ajiye wa Rukayya, ta ce da Turanci ta karanta. Rukayya ta dubi takardar, ta dube ni, ta ce da Hausar nan tamu da ba ta raba mace da namiji:

"Madam, mepacho, don Allah, ka fara karanta shi so ɗaya, sai in yi."

Na yi dariya, na ce wa Dokta kunya ce. Dokta ta girgiza kai, ta ɗora yatsa a kan wata kalma mai harafi uku. Shiru. Ta nuna wata. Shiru. Sai ta buɗe littafin ajinmu, shafin da yarinyar ta gama karantawa yanzun nan, ta nuna kalma a tsakiyar layi. Ina kallo leɓen Rukayya ya fara motsi tun daga farkon shafin, tana biyowa a zuci tana ƙirgawa da yatsa, har ta iso wurin, sannan ta faɗi kalmar.

Wallahi sai na zauna a kan kwalin littattafai. Yarinyar da na rubuta shafi talatin a kanta ba ta iya karatu ba. Ko kaɗan.

A nan zaune na gane yadda aka yi. Kullum ni nake karanta shafi da ƙarfi, in ce "ku biyo ni", aji ya amsa gaba ɗaya. Haka aka koya mana, haka malaman da suka riƙe ta kafin ni suka yi. Mun ɗauko amshin nan daga makarantar allo, amma mun baro rabin aikin a can, domin malamin allo yana kiran kowa shi kaɗai ya nuna masa baƙi da tsinke. A jarrabawa ma, don tausayi, ni nake karanta musu tambaya da amsoshin zaɓi. Rukayya ji ɗaya take yi wa abu ya zauna mata.

Hedimasta, Malam Isifu, da ya ji, sai ya ja ni gefe.

"Madam Hadiza, gasar nan ai ana ba da shafi tun kafin rana. A bar Rukayya ya je ya ciwo mana, in ya dawo ma gyara."

Na ce, "Masta, in ta ciwo kofin nan, ba wanda zai ƙara yarda tana buƙatar a koya mata. Shekara ɗaya da rabi ya rage ta bar firamare, can gaba kuma ba mai karanta mata." Bai ji daɗi ba, amma ya cire sunan.

Na tambayi Dokta ko in yaga aikina in sake zaɓen yaro. Ta ce a'a, ban yi kuskuren zaɓe ba, yaron da ya riƙe littattafan shekara biyar a ka mai baiwa ne ƙwarai. Abin da zan rubuta yanzu shi ne yadda baiwar ta ɓoye mana ita.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne da na koma na tarar da Rukayya a ofis tana kuka. Na ce ta yi shiru, ba laifinta ba ne. Ta share ido ta ce:

"Madam, ba haka kowa yake yi ba? Na ɗauka kai ma wani ne ya karanta maka."

Ba yaudararmu take yi ba. Ita a saninta wannan shi ne karatu.

Muka koma kan haruffa da sautinsu, kullum bayan an tashi. Kafin ƙarshen zango na gaba ta fara haɗa kalmomi da kanta, a hankali, tana tuntuɓe. Na fi jin daɗin wannan tuntuɓen fiye da duk tafin da aka taɓa yi mata.

Abin da na koya ke nan. Mu malamai idonmu yana kan yaron da yake ba mu wahala, shi kuwa wanda yake fitar da mu kunya gaban baƙi ba ma bincikarsa, don ba ma son abin da za mu gano. Shekara biyar Rukayya tana rufa mana asiri, mu kuma ba mu koya mata komai ba.