Duba-Madubi da Shataletalen da Ya Ɓace

A layin nan ba wanda ke kiransa da sunan yanka. Duba-Madubi ake ce masa, domin shekara ashirin da bakwai yana koyar da tuƙi, kuma duk ɗalibin da ya zauna bayan sitiyari sai ya ji kalmar nan kafin ya taɓa makulli. Shi ma haka yake zama da mutane. In ka gaishe shi da fara'ar da ta fi ta jiya, sai ya koma gida ya tambayi matarsa me kake nema.

Da can direban babbar mota ne. Wata rana ya ari jak a wurin abokin aiki, jak ɗin ya zame, mota ta sauko ta danne masa yatsu biyu na hagu. Daga nan ya bar hanya, ya buɗe makarantar tuƙi a shago mai benci uku da fanka ɗaya, ya kuma daina aron ko da allura.

Abin da yake tinƙaho da shi kuwa darussansa ne na kwamfuta. Wani mai zane da ya taɓa koyon tuƙi a hannunsa ya yi masa darussa arba'in masu motsi, ya ɗora su a shafin makarantar na intanet. Jar mota da shuɗiya suna shiga shataletale, ɗalibi ya danna inda ya ga dama; in ya shiga gaban wani, sai ka ji ƙarar karo, benci ya kwashe da dariya. Darussan ba sa tashi sai da wata 'yar manhaja ta wani kamfani da ake liƙa wa burauza, abin buɗe shafukan intanet. Shi dai bai san da zamanta ba. Ya san kunnawa da kashewa.

Wata ranar Litinin da safe, ɗalibai tara na zaune, ya buɗe darasin shataletale. Ba mota, ba titi, sai wani akwati mai ruwan toka. Ya buɗe na danja, haka. Ya buɗe duka arba'in ɗin, haka.

Ya miƙe tsaye. Ya leƙa ta taga, ya zuba wa shagon da ke tsallaken titi ido. Nan Mai Gemu ya buɗe tasa makarantar tuƙin shekara tara da suka wuce, kuma tun ranar ko gaisuwa ba ta haɗa su ba.

"Shi ne," ya ce wa matarsa da ya koma cin abincin rana. "Jiya na gan shi tsaye yana kallon ƙofata."

"Malam, ƙofarka ce a gabansa. Ina kake so ya kalla?"

"To mai gyaran nan da ya zo wancan watan. Ya daɗe yana latse-latse."

"Ka kira mijin 'yarka mana. Ba aikinsa ke nan ba?"

Wannan shawara ba ta yi masa daɗi ba. Surukin nasa mai gina shafukan intanet ne, mutum mai ladabi, amma Duba-Madubi bai taɓa yarda da sana'ar da ake yi a zaune hannu ba datti ba. Da ya rasa yadda zai yi, ya aika.

Surukin ya zo, ya durƙusa ya gaishe shi, ya dubi allon bai fi minti ɗaya ba.

"Baba, ba wanda ya taɓa maka komai. 'Yar manhajar da ke kunna darussan ce aka daina. Kamfanin ya janye ta, burauza ma ta rufe mata ƙofa. An daɗe ana sanarwa."

"Kamfani ya kashe abinsa da hannunsa? Wa ya taɓa yanka kazar da ke masa ƙwai?"

"Ta tsufa ne, Baba. Kuma ɓarayin intanet ta nan suke shigowa kwamfutocin mutane."

Wannan magana ta soke shi. Kwaɗo uku yake sa wa shagon, ashe shekara goma sha biyu da wata ƙofa a buɗe bai sani ba.

Surukin ya ci gaba da bayani a hankali. Ya ce a da kamar titi ne da sai tayar kamfani ɗaya ke iya hawa. Yanzu kuwa an yi ittifaƙi a kan ƙa'idoji buɗaɗɗu, rubuce suke kowa na iya karantawa, kowace burauza ta san su, ba sai an liƙa mata komai ba. In aka sake gina darussan a kansu, har a waya za su tashi.

"Wa ke da su?"

"Ba na kowa ba ne, Baba."

"Abin da ba shi da mai shi, ranar da ya lalace wa zan kama? Kuma ka ce kowa na iya ganin yadda aka gina. Wato na tsallaken titi ma?"

Surukin ya sunkuyar da kai. "Shi ma, Baba."

Kwana uku yana juya maganar. Har ya fara zargin surukin da Mai Gemu bakinsu ɗaya. A rana ta huɗu ya ce gani ya kori ji, ya tsallaka titi, wai ya zo tambayar ko an ga murfin tayarsa.

Mai Gemu ya tashi da sauri ya ba shi kujera. Duba-Madubi bai zauna ba, don idonsa ya riga ya faɗa kan kwamfutar da ke kan tebur. Akwatin nan ne mai ruwan toka. A samansa kuma, ɓaro-ɓaro, sunan makarantar Duba-Madubi.

"Yawwa, yaya," in ji Mai Gemu, ko kunya babu. "Dama ina so in zo. Yaushe za a gyara shafin nan? Ɗalibaina sun dame ni."

"Ɗalibanka?"

"Ai tun da na buɗe da shi nake koyarwa. Wallahi ba irinsa."

Duba-Madubi ya fita ba sallama. A gida ya ce wa matarsa, "Na ce miki akwai abin da yake yi." Ta ce, "Ka ce ya ɓata. Wanda ke sha a rijiya ai ba ya zuba mata ƙasa."

Washegari ya kira surukin ya ce a fara. Sai dai mai zanen ya daɗe da barin gari, tsofaffin darussan kuma a kulle suke, ba a iya buɗe cikinsu a kwaso. Dole aka koma ga abin da ke cikin kan Duba-Madubi. Duk Asabar sai ya share tebur, ya zana titi da alli, ya jera kwalayen ashana a matsayin motoci, surukin na kallo yana rubutawa. Kowane darasi aka gama, sai Duba-Madubi ya gwada shi a kwamfutarsa, a wayar matarsa, a wayar wani ɗalibi, ko zai kama inda aka ha'ince shi. Ya kuma sa aka buga masa duk rubutun ginin a takarda ya kulle a kabad, ko da yake ba ya gane ko layi ɗaya. Sunan makarantar kuwa ya ce a ninka girmansa, tunda dai maƙwabci ba zai daina leƙe ba.

Talatin da ɗaya suka dawo. Tara sun ɓace, ya kasa tuna yadda suke, kuma har yau in aka taɓo maganar sai ya yi tsaki.

A Asabar ta shida ne ya lura surukin ya sa shuɗiyar mota ta kutsa shataletale gaban wadda ke ciki.

"Kuskuren hannu ne wannan?"

"Ba haka ake yi ba, Baba?"

Duba-Madubi ya ajiye allin. "Shekara nawa kana ɗaukar mini 'ya da jikoki a mota?"

"Shida, Baba."

Ranar Litinin surukin ya zauna a bencin gaba tare da sababbin ɗalibai. Sati biyu ya yi kafin aka bar shi ya taɓa sitiyari, kuma a gwajin farko Duba-Madubi ya kayar da shi.