Katin da Ba Shi da Lahani

Yayana ne ya ƙirƙiro wasan, ni kuma na lalata shi. Na daɗe ina kewaye-kewaye a kan wannan maganar, to yau dai na faɗe ta.

A Unguwar Dosa muka taso, a gidan ma'aikacin gwamnati. Kullum in Baba ya dawo daga ofis sai ya zauna a baranda ya cire takalmi, ya shiga ba Umma labarin fayil ɗin da ya ɓata, da daraktan da ba a taɓa samunsa a kan kujerarsa, da masinjan da kowa ke shakka a ɓoye. Mu biyu muna gefe mun baza kunnuwa. Yaya ya girme ni da shekara huɗu, kuma da ciwon sikila aka haife shi. Ba ƙwallo, ba wankan ruwan sama, ba yawon bakin kogi. In yaran layi suka fita, shi yana kan tabarma da almakashi da kwalin sukari.

A kan wannan tabarmar ya yanka katunan farko, ya raɗa wa wasan suna Fayil. Kowane ɗan wasa yana da fayil guda, wanda dole ya bi ta tebur biyar kafin a sa masa hannu. Wanda nasa ya fara fita shi ya ci. Katunan kuwa ma'aikata ne, kowanne da lambar ƙarfinsa a sama: Masinja ɗaya, Akawu biyu, Sakatare uku, Darakta biyar. Mai ƙarfi yakan ture na ƙasa da shi ya tura fayil gaba. Sai dai a ƙasan kowane kati akwai layi ɗaya da Yaya yake kira lahani. Darakta, duk ƙarfinsa, in ya yi aiki a wannan zagayen to a na gaba yana mitin. Sakatare ba ya motsi sai da Akawu a gefensa. Masinja kuwa kowa na iya ture shi, amma shi kaɗai ke iya ɓoye fayil ɗin abokin karawarka a ƙarƙashin tebur har zagaye biyu. Duk cikin katunan babu wanda Yaya yake so kamar Masinja.

Ranar da Baba ya fara kama mu, ransa ya ɓaci.

"Karta a gidana?" in ji shi.

Sai Yaya ya miƙa masa katin Darakta. Baba ya gyara tabarau ya karanta lahanin, ya yi dariya har da tari. Ya kafa mana sharaɗi biyu: ba a sa ko kwabo a kai, kuma da zarar an kira sallah a kife katuna. Har wasan ya mutu babu wanda ya karya waɗannan biyun.

A kan tabarmar nan Yaya ba majinyaci ba ne. Mugun ɗan wasa ne, mai haƙuri, mai jira sai ka saki jiki sannan ya ajiye maka Masinja yana murmushi. Na sha tashi cikin fushi in yi rantsuwar na daina, washegari kuma in dawo.

Da na gama makaranta na samu aiki a wani shagon buga takardu a Unguwar Sarki. Nan na fara buga katunan a kan takarda mai kauri, da hotuna masu launi. Samarin layinmu suka shiga, na Unguwar Sarki suka biyo, har wasu suka riƙa tasowa daga Rigasa ranar Asabar. Muka mai da shi al'ada: duk Sallah sai mun fitar da sababbin katuna goma. Kowa ya tara nasa, a yi musaya, a haɗa ɗaurin katunan da za a yi wasa da su yadda ake so.

Ni ke zanawa, Yaya ke tacewa, kuma a nan muke samun saɓani. Kati ba ya fita sai ya yi mako guda a hannunsa, yana gwada shi da tsofaffin katuna, shi kaɗai yana wasan mutum biyu. Ƙa'idarsa guda ce: duk katin da zai sa mutane su daina ɗaukar Masinja ba zai fita ba. Na taɓa kawo masa Kwamishina mai ƙarfi takwas, na zuba masa babbar riga da hula, ina ta jin kai. Ya juya shi ya sake juyawa.

"Auta, ka mai da shi shida. Kuma sau ɗaya zai fito a wasa."

"Haba Yaya! Kwamishina ne fa."

"To Kwamishina kullum yake zuwa ofis?"

Na yi ta gunaguni, amma na gyara. A lokacin gani nake yi tsabar ƙwauro ne kawai irin na manya. Ni sabon abu nake so, wanda in aka buɗe kowa zai yi ihu. Shi kuma so yake wanda ya zo da katunan bara ya zauna da wanda ya zo da na bana, kowa bai san wanda zai ci ba sai an tashi.

Sai shekarar da ciwon ya tsananta. Ya kama shi a ƙugu, muka yi ta zarya asibiti, aka ɗora shi a kan magungunan da ke sa shi gyangyaɗi tsakar rana. Bai daina fitowa baranda ranar Asabar ba, amma hankalinsa ya rage kaifi. Yakan manta zagayen da ake ciki. Wata Asabar wani tela daga Rigasa, wanda Yaya da kansa ya koya wa wasan, ya cinye shi sau uku a jere. Yaya ya miƙa masa hannu ya ce, "Madalla, ka iya." Ni kuwa ji na yi kamar an mare ni a gaban jama'a.

Ban yi shawara da kowa ba. Na je shago na zana kati guda, na sa masa suna Mai Girma, ƙarfi tara, na bar layin lahani fari fat. Kwafi ɗaya tak na buga. Ranar ƙaramar Sallah, bayan mun dawo daga idi, na miƙa masa a gaban Umma.

Ya daɗe yana kallonsa. "Ina lahaninsa?"

"Ba shi da shi, Yaya. Naka ne kai kaɗai."

Umma ta shiga sa mini albarka, tana cewa Allah Ya bar zumunci. Yaya ya dube ta, ya dube ni, ya cusa katin a cikin ɗaurinsa. Yanzu na san saboda ita ya karɓa.

Asabar ta gaba ya ci wasa biyar a jere. Ni kaɗai nake tafa masa. Telan nan ya tattara katunansa a hankali ya ce, "Yaya, Allah Ya ƙara sauƙi," ya tafi. A da in an cinye shi sai ya tsaya ya yi ta musu har magariba. Ranar nan gaisuwar majinyaci ya yi, kuma na ga yadda fuskar Yaya ta canza, amma na yi kamar ban gani ba.

Daga nan abin ya kuɓuce mini. Samari suka ce ba za su zauna da mai Mai Girma ba sai an ba su abin da zai tare shi. Maimakon in janye katin in ba da haƙuri, sai taurin kai ya hau ni. A babbar Sallah na fitar da Uban Gida, ƙarfi goma sha ɗaya. Da na ga Yaya ya koma ƙasa, na buga masa Umarni Daga Sama, goma sha biyar. Aka sake kuka, na sake ƙarawa. Ban ƙara kai masa kati ya tace ba, wai don kada in gajiyar da shi. Layin lahani ma na cire shi daga zanen gaba ɗaya, na faɗaɗa hoton ya cike gurbin.

Wasan da a da ake farawa bayan la'asar a kai shi gab da magariba, sai ya koma ana gamawa kafin shayi ya huce. Wanda ya fara jawo babban kati ya ci, shi ke nan. Babu dabara, babu jira, babu musu. Tsofaffin 'yan wasa suka zame ɗaya bayan ɗaya, sababbi kuma ba sa daɗewa. Wata safiya a wurin mai shayin bakin layi na ga an ninke kati an tallafe ƙafar tebur da shi. Na duƙa na duba, Masinja ne.

Yaya ya daina fitowa baranda. Da na gaji da shirunsa sai na same shi a ɗaki yana kwance, na ce ga sababbin katuna na kawo masa. Ko hannu bai miƙo ba.

"Auta, zauna." Na zauna a bakin gado. "Tun ina yaro, duk inda na shiga sai a rage murya. A makaranta malami ba ya dukana. A masallaci a matsa mini wuri. A gidan nan ko tsawa ba a yi mini. Wuri ɗaya ne a duniya da mutum zai zauna a gabana ya yi niyyar kayar da ni da gaske. Shi ne ka je ka shimfiɗa mini katifa a kai."

Zuciya ta ɗebe ni. "Don kai na yi fa, Yaya! Don kai!"

"Na sani," in ji shi. "Shi ya sa ya fi ciwo."

Na tashi na fita na bugo ƙofa. Wannan bugun ƙofar har yau ina jin sa. Kusan shekara biyu muka yi a haka. Ina kai shi asibiti, ina karɓo magani, muna gaisawa lafiya lau, amma ko sau ɗaya ba mu ambaci Fayil ba. Wasan ya mutu a unguwa, ni ma na daina bugawa. Ina jira ya ce ya huce, shi kuma ban san me yake jira ba. Girman kai ne ya hana ni furta kalma biyu, "yi haƙuri", kuma ba ni da wani uzuri da ya wuce wannan.

Wata ranar damina bayan azahar, ana yayyafi, ya aiko Umma ta kira ni. Ya rame sosai, an jingina shi da filo biyu.

"Ɗauko mini gwangwanin madarar nan da ke saman kwaba."

Na san gwangwanin. Katunan farko ne a ciki, na kwalin sukari, gefensu duk ya yi laushi, rubutun biro ya kusa gogewa. Na ɗora faranti a kan gadon ya zama tebur. Shi ya raba da kansa, bai yarda in karɓa ba.

"Ka ji ni da kyau," ya ce. "In ka bar ni na ci, zan gane."

Na yi wasa da shi kamar ba ɗan'uwana ba. Na ture masa Akawu, na jira Daraktansa ya shiga mitin na tura fayil tebur biyu. Shi kuma ya yi lamo, kamar barci ya ɗauke shi, sai da na isa tebur na huɗu ya ajiye mini Masinja. Na yi tsaki da ƙarfi ban sani ba, ya ƙyalƙyale da dariya har Umma ta leƙo. Ya sake ɓoye mini fayil a karo na biyu. Muka yi kunnen doki a tebur na huɗu, gumi na keto mini duk da sanyin ruwan. A ƙarshe na jawo Sakatare alhali Akawuna na nan a gefe, fayil ɗina ya fita. Na cinye shi da tazarar tebur ɗaya.

Ya mai da kansa kan filo yana haki, fuskarsa a sake irin yadda na daɗe ban gani ba.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Yau an yi wasa da ni."

Na buɗe baki zan ba shi haƙuri, kuka ya riga maganar fitowa. Ya ɗan bugi gwiwata ya ce in raba wani. Ina cikin rabawa aka kira la'asar, muka kife katunan a kan farantin, da niyyar mu ci gaba gobe. Washegari da safe muka koma asibiti da shi, kuma bai sake dawowa gidan da ƙafarsa ba. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

Bayan sadakar bakwai Umma ta ba ni wata ambulan da ta samu a ƙarƙashin filonsa. Manyan katunan da na buga ne, duka, ashe yana ajiye da su. A jikin kowanne ya lalubi ɗan fili a gefen hoton ya rubuta lahani da biro, rubutun a karkace. Uban Gida: in ya sauka, duk katunan da ya kawo su sauka tare da shi. Umarni Daga Sama: ba ya isa tebur sai Masinja ya kai shi. Ashe duk tsawon shirun nan da nake zaton fushi ne, gyaran ɓarnata yake yi, kati bayan kati, yana jira in tambaya.

Mai Girma ne kaɗai bai rubuta wa lahani ba. Layin nan yana nan fari kamar yadda na bar shi. A bayan katin ya rubuta: "Auta, wannan kai za ka cike."

Na yi watanni ina ɗauke da shi a aljihun gaba, in fito da shi a shago in mayar. Na gwada rage masa ƙarfi a raina, na gwada tura shi mitin, duk ban gamsu ba, don na san ba su ne gaskiyar ba. Ranar da na cike shi ina zaune a baranda, a inda tabarmarsa take a da. Na rubuta: wanda ya riƙe wannan katin ba ya samun abokin wasa. Na sa shi a gwangwanin madarar tare da na kwalin sukari, na mayar saman kwaba.